Famfo a Kwalekwalen Baba

Mahaifina ya yi shekaru yana alwala a tsakiyar dam ɗin Zobe bai taɓa neman buta ba. Sai dai ya janye filafili, ya sunkuya ta gefen kwalekwale, ya kamfato ruwa da hannu biyu. Asalinsa manomi ne ɗan Makera. Da girmansa ya koyi sana'ar su, bayan ruwan dam ya hau gonar da ya gada. Ya ce tunda ruwan ya ci hatsinsa, shi ma zai ci kifinsa. Daga baya muka koma cikin Dutsin-Ma, amma Baba kwana kawai yake yi a garin, wuninsa yana kan ruwa.

Wata safiya ya tashi zai ɗaure zariyar wando, hannun hagu ya ƙi. Ɓarin jikinsa ne ya shanye. Bayan jinya ƙafar ta dawo rabi, yana jan ta a ƙasa. Hannun bai dawo ba. Bakinsa kuwa babu abin da ya same shi, kuma Inna, mahaifiyata, ta ce wannan ita ce jarrabawar da ta fi shafarta.

A gida alwala ba ta gagare shi ba. Muna da famfo a tsakar gida, tankin yana can sama kan ƙarfe, ruwan yana zuwa da ƙarfinsa. Yakan buɗe, ya tara hannun dama, ya ɗago na hagu ya wanke shi kamar yana wanke hannun wani. Abin da ya gagare shi zama ne. Yakan wuni a zaure fuskarsa a bango, ba ya amsa gaisuwa sai da kai. Mutumin da ba ya barin kowa ya gama magana ya koma sai an roƙe shi ya ce wani abu. Na tsorata ƙwarai, don na ga yadda yake raguwa a cikin rigarsa.

Ni ne na roƙi Inna ta bari in riƙa kai shi dam. Malamin firamare ne ni, Asabar da Lahadi nawa ne, kuma na iya tuƙi daidai gwargwado. Ta yarda, da sharuɗɗanta. Ba zai sunkuya ta gefen jirgi ba, don wanda rabin jikinsa ba ya jin magana idan ya tafi ya tafi ke nan. Ba zai kai ruwan dam bakinsa ba, ruwan gida za mu ɗauka. Idan kuma ya dawo mata a jiƙe, to, za ta sa a ɗauke kwalekwalen a kai wa ƙanenta a Rawayau ya riƙa zuba wa shanu dusa a ciki.

Ranar farko Baba ya yi magana tun daga kan babur har bakin ruwa. Ya zagi tuƙina, ya zagi yadda na jefa raga, ya nuna mini inda gonarsa take a ƙarƙashin ruwa kamar jiya ya bar ta. Na ji daɗi har cikin raina. Da alwalarsa ya fito daga gida, amma maganin hawan jinin da yake sha ba ya barin mutum ya daɗe da alwala. Azahar ta yi, na ɗauko buta, na matso, na karkata ta a kan hannunsa.

Ya janye hannun.

"Mi za ka yi?"

"Zuba maka zan yi, Baba."

"Aje ta," ya ce. "Sau guda za ka zuba mani ruwa a duniyar ga, kuma ranar ba ni gani. Kada ka yi gaggawa."

Na ajiye. Ya matse butar tsakanin gwiwoyinsa, ya karkata ta, ya tara hannu. Jirgin ya ɗan motsa, gwiwar hagu ta saki, ruwan ya tafi kan wandonsa gaba ɗaya. Ya dubi butar, ya dube ni, ya ce in juya mu koma. Na ce ko taimama ce ya yi. Ya tambaye ni a wane littafi na ga mutum yana zaune a kan ruwan da ya cinye ƙauyuka yana neman ƙasar taimama. Muka koma bakin gaɓa, muka hau babur, muka shanya wandon a iskar hanya kafin Inna ta gani. A famfon gida ya yi alwalar, ya yi azahar ɗinsa gab da la'asar.

Da yamma ya kira ni zaure ya yanke hukunci. In dai ba zai iya alwala da kansa a kan ruwa ba, ya bar dam, a kai wa shanun Rawayau jirgin. Butar kuma ya kore ta, ya ce kada ya sake ganin ta a ciki.

"To, in na sa maka famfo a jirgin fa?" na ce.

"Hwamhwo cikin kwalekwale," ya maimaita, a hankali, kamar yana ɗanɗana maganar. Sannan ya ɗaga ɗan ƙaramin yatsansa na dama. "In za ka yi, ruwan shi hito kamar kaurin wanga. In ya gaza haka, wasa ne. In ya hi haka, almubazzaranci ne."

Wannan yatsan shi ya zama ma'aunin duk wahalar da na sha bayan nan.

Na fara da abin da kowa zai fara da shi. Na samo jarka, na huda ta daga ƙasa, na ɗaura mata kan famfo, na ɗora ta a kan katakon zama. Ruwa ya fito, ba a ce bai fito ba. Sai dai yana fitowa ne kamar mai jin kunya, kuma yayin da jarkar ke raguwa shi ma yana ƙara sanyi, har ya koma ɗiga. Baba ya tara hannu ya jira. Ya ce kafin tafinsa ya cika ya manta ko ya yi niyya.

Na san dalili. Famfon gida yana da ƙarfi ne saboda tankin yana sama. Don haka na sa kafinta ya yi mini wata 'yar hasumiya ta katako, tsayin ƙirjin mutum, muka kafa ta a tsakiyar jirgin, muka ɗora jarkar a bisa. A bakin gaɓa abin ya yi kyau, ruwan ya zo da kaurin yatsa har da ɗoriya. Masunta suka taru suna kallo, wani ya tambaya ko ladani za mu ɗauka. Da muka shiga ruwa sai na gane cewa kwalekwale ba ya son nauyi a kansa. Duk bugun filafili sai jirgin ya yi tunanin kifewa sannan ya fasa. Iska ta taso kaɗan, jarkar ta yi sallama da mu ta faɗa dam, muka bi ta da kallo tana tafiya wajen Makera.

"Ta hi mu sanin hanya," in ji Baba.

Labari ya kai Rawayau, Kawu ya zo. Shi ne ƙanen Innan da aka yi wa shanunsa alkawarin jirgin, manomi ne, kuma mutum ne da ba a taɓa kawo matsala gabansa ya ce bai sani ba. Da farko ya ce a sa injin ban-ruwa. Na tuna masa cewa alwala za a yi, ba albasa za a shayar ba. Ya koma gida, washegari sai ga shi da injin feshinsa goye a baya, irin mai batir ɗin nan da ake fesa maganin ciyawa da shi.

Gaskiya dabarar ta burge ni. Tanki ga shi, famfo ga shi a ciki, batir ga shi, kuma zai zauna a ƙasan jirgi ba ruwansa da tsayi. Kawu ya rantse ya wanke shi da omo, ya wanke da toka, ya bar shi ya kwana da lemun tsami. Muka cire bakin feshin, muka bar tiyo. Muka tafi dam mu uku, Kawu yana riƙe da gefen jirgi da hannu biyu, don shi jarumtakarsa a tudu take.

Baba ya tara hannu, ruwa ya zo daidai. Ya kai baki zai kurkure, ya tsaya. Ya sunsuna. Ya zubar a dam.

"Ruwan ga ya canza."

"Wallahi na wanke shi, Yaya," Kawu ya ce.

"Ban ce ba ka wanke ba. Launi, ɗanɗano, ƙamshi, in guda ya canza ruwa ya tashi daga na alwala. Wanga ƙamshin gonarka shike. Ni ba ciyawa ba ne."

Kawu ya sunsuna, ya ce shi bai ji komai ba. Baba ya ce ai mai gona ba ya ji. Suka yi ta yi har muka iso gaɓa, ni ina tuƙi ina duban rana tana karkata. Ranar ma a famfon gida aka yi azahar.

Daga nan Baba ya fara komawa zaure. Asabar ta zo na ce mu tafi, ya ce in bari. Ya ce na yi ƙoƙari, Allah ya yi mini albarka, kuma ya faɗi hakan da laushin murya, abin da ya fi zagi tayar mini da hankali. Inna ma da ta kafa sharuɗɗan ta same ni a ƙofar ɗaki ta ce, "Kai, ba wani hwamhwon ne kuma?"

Akwai wani mai shagon kayan famfo a cikin gari, mutumin kudu ne, ya daɗe a Dutsin-Ma har Hausarsa ta koma ta Katsinawa. Na je na yi masa bayani. Ya saurara bai yi dariya ba, na ga girmansa. Ya fito mini da famfuna ya jera a kan tebur, yana gaya mini halin kowanne. Wannan yana jan ruwa da kansa ko da tiyon ya bushe. Wannan sai an nutsa shi cikin ruwa, in ruwa ya ƙare yana aiki ya ƙone. Wannan yana tashi da zarar an buɗe kan famfo, ya mutu da zarar an rufe. Na zaɓi na ƙarshen, sabo fil a kwalinsa, bai taɓa ganin gona ba. Na haɗa shi da batirin babur da sabuwar jarka da sabon tiyo, na roƙi Baba ya ba ni Asabar ɗaya.

Famfon ya yi aiki fiye da yadda aka roƙe shi. Baba ya murɗa kan famfo, injin ya ɗauki gurnani, ruwan ya bugi tafinsa ya tashi sama ya wanke masa fuska tun bai kai ga fuska ba. Hularsa ta jiƙe. Na rage kan famfon, sai injin ya shiga shaƙuwa, ya tashi ya mutu, ya tashi ya mutu, ruwan yana zuwa da tsalle. Na buɗe duka, jarkar ta ƙare yana kan gwiwar hannu. Baba ya zauna ruwa yana ɗiga daga gemunsa.

"Kihin da ke nan kusa duk sun ji na yi alwala," ya ce.

Hular ce ta tona mu. Inna ta taɓa ta, ta dube ni, ta dubi Baba. Na jira ta ambaci shanun Rawayau. Ba ta ambata ba, ta ɗauki hular ta shanya a kan igiya, ta shiga ɗaki. Baba ne ya ce a aika wa Kawu ya zo da amalanke ya ɗauki jirgin.

Na koma wurin mai shagon a fusace, kamar shi ya yi mini laifi. Ya ce akwai wata 'yar tukunya da ake haɗa wa irin wannan famfon ta daidaita ƙarfin ruwan, amma sai an aiko da ita daga Kano, kuma batir dai batir ne, wata rana zai mutu a tsakiyar dam. Ya tambaye ni wane ɓangare na jikin tsohon ne yake da ƙarfi. Na ce hannun dama da ƙafar dama da baki. Ya shiga ciki ya daɗe yana ture kwalaye, ya fito da wani baƙin abu na roba kamar ƙoƙon da aka kife, da bakin tiyo biyu a gindinsa. Ya ce ragowar kayan wanke hannu ne na lokacin korona, ba wanda ya sake tambayarsu. Ana takawa ne da ƙafa. In ka taka ruwa ya fito, in ka ɗaga ya sake jan wani daga jarka. Ƙarfin ruwan yana ga ƙafar mai takawa.

Na kwantar da jarka a ƙasan jirgi na ɗaure ta. Na kafe ƙoƙon da ƙusa a gaban mazaunin Baba, na ɗaure bakin tiyon a jikin wata 'yar sanda, ya leƙo daidai gwiwa. Kawu ya riga ya ce ranar Litinin zai zo da amalanken. Ranar Lahadi na ce wa Baba ya zo ya yi wa jirginsa sallama. Da wannan na samu ya hau babur.

Azahar ta same mu a wajen tsohuwar gonarsa. Ya dubi baƙin ƙoƙon ya tambaya ko wannan ma gurnani yake yi. Na ce ya taka ya gani. Ya ɗora ƙafar dama ya danna, ruwa ya yi tsalle. Ya sassauta, ya sake dannawa a hankali, ya sake, har ya samo abin da yake nema. Ya ɗaga ɗan yatsansa ya jera shi da ruwan, ya duba. Sai ya yi bisimilla.

Ya wanke hannu. Ya kurkure baki, ya ɗan riƙe ruwan yana bincike, ya zubar bai yi ƙorafi ba. Ya shaƙa, ya wanke fuska, ya ɗago hannun hagu ya wanke shi har gwiwa, ya shafi kai da kunnuwa. Ni ina can ƙarshen jirgi na riƙe filafili a ruwa don kada mu motsa. Sai ya zo ƙafa, ya tsaya. Ni ma sai a lokacin na gani. Ƙafar dama ake fara wankewa, ita ce kuma take kan famfo.

"Baba, fara da hagun mana, ai alwalar ta yi."

Ya yi mini kallon da yake yi mini tun ina yaro in na ci abinci da hagu.

"To, bari in taka maka. Takawa ai ba zubawa ba ce."

"Zamna inda kake."

Na zauna. Buta babu, shi ya kore ta. Ya sauke ƙafar dama ya miƙa ta ƙarƙashin tiyo. Ya sa hannu ya kamo ƙafar hagu ta ƙasan gwiwa, ya ɗaga ta kamar yana ɗaga itace, ya ɗora a kan ƙoƙon. Ta zame. Ya sake ɗorawa, ya gyara diddigen. Ya danna, ƙoƙon ko motsi bai yi ba. Ita ce ƙafar da likita ya ce ya riƙa motsa ta kullum, shi kuma ya ce ba zai zauna a gaban iyalinsa yana wasa da ƙafa kamar jariri ba. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya sunkuyo ya kwantar da ƙirjinsa a kan gwiwar, ya sake mata nauyinsa duka. Ƙoƙon ya lotsa. Ruwa ya fito siriri, bai kai rabin yatsa ba, ya sauka a kan ƙafar dama, hannunsa yana cuɗawa. Ya ɗago, ya sake kwantawa. Haka ya yi ta yi, yana haki, har ya wanke ta zuwa idon sawu ya tsettsefe yatsun. Na juya fuskata wajen ruwa, don idona ya cika kuma na san ba zai so ya gani ba.

Ta hagun ba ta ba shi wahala ba. Ya gama, ya yi shahada, ya fuskanci gabas a zaune ya yi sallarsa a kan lokaci. Da ya sallame ya ce tiyon ya yi gajarta, a ƙara masa kamu ɗaya. Ya kuma ce in aika wa Kawu ya nemi kwamin dusar shanunsa a wani wurin.

Ya ci gaba da zuwa dam har damina biyu bayan nan. Ƙafar hagun ba ta warke ba, amma ta kai inda take lotsa ƙoƙon ba sai ya kwanta a kanta ba, kuma Baba bai taɓa yarda cewa wannan shi ne motsin da likita ya ce ba. Robar ta tsage sau ɗaya, mai shagon ya ba ni wata, ya ce in gaishe da tsohon. Masunta biyu ma sun sa irinsa a jiragensu, su da hannuwansu lafiya lau.

A gida ya rasu, da hantsi, bayan 'yar gajeriyar rashin lafiya. Aka shimfiɗa shi a bayan ɗaki aka kewaye da tabarmi. Kawu ne zai yi wankan, ya naɗe hannun riga, ya dubi mutanen da ke tsaye ya tambaya wa zai zuba ruwa. Na ce ni ne, Baba ya riga ya gaya mini tun a jirgi.

Aka miƙo mini buta, ita ce dai wadda ya kora daga jirgi, tana nan a gidan duk tsawon lokacin. Kawu ya fara yi masa alwala, ya ɗago hannun dama. Na karkata butar, ruwan yana fitowa yana yankewa.

"Ƙara mana," Kawu ya ce a hankali.

Na ƙara har ya kai kaurin ɗan yatsa, na tsaya a nan.